Ruwan da Baba Ya Riƙe

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tsakanina da Baba sai gaisuwa. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son abu a wurina, ƙanena yake faɗa wa, ko da ina tsaye a gefensa.

Shi ya sa ciwonsa ya daɗe ban sani ba. Na dai lura ya bar sahun gaba a masallacinmu na Tibiri, ya koma bakin ƙofa da butarsa. Ashe fitsari ne ya hana shi riƙe alwala. An sha maganin tsargiya har an gaji, shiru.

Da aka ce a kai shi Dogon Dutsi a yi masa eko, hoton nan da ake leƙa cikin mutum da shi, ni kaɗai ke gida, sai ni na raka shi. Baba kuwa tun jiya ya ƙi shan ruwa, don kada ya tsai da mota ya sauka a gabana. Likita ya shafa na'ura a mararsa, ya ce mafitsara wayam take, ba abin gani. Sai ya sha ruwa sosai, ya riƙe.

Abin da ya gagare shi ke nan aka ce ya yi. Muka zauna a benci, yana sha yana kallon bango, gumi na tsattsafo masa. Raina ya ɓaci, da shi da wannan kunya tamu da ta bar ciwo ya ci mutum.

Da aka sake dubawa, likita ya nuna mana mafitsarar ta tsuke, bangonta ya yi kauri. Ya ce yana zargin tarin fuka, gwajin fitsari ne zai tabbatar. Daga baya ya tabbata.

"Lokotoro, ni ban taɓa tari ba," Baba ya ce wa likitan.

"Yana kama mafitsara ma, Malam. Wagga mafitsara ko ta wa ce ba ta riƙe ruwa."

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce a hankali, "Ashe ba sakacina ba ne da salla."

A hanyar komawa ya matsu. Babu ƙanen da zai aika. Ya taɓa gwiwata, ya dube ni ido cikin ido.

"Hwaɗa ma direba shi tsaya. Ɗauko min butar."