Tarin da Na Zo da Shi daga Keana

A wurin cin tuwo na fara ganewa. A makarantarmu ta horon malamai da ke Lafia, taruwa muke yi mu ci a kwano ɗaya. Ran nan na wanko hannu na zo, sai na tarar an yanke mini nawa an ajiye a murfi, can gefen randa. Babu wadda ta ɗago kai.

Shekarar murar Asiya ce. Kullum sai an ce an kwantar da wane a gari. Ni kuwa na dawo daga hutu a garinmu Keana da tari. Mu Alago, dafa gishiri aikin mata ne, kuma duk 'yar da ta je gida sai ta zauna gindin tukwane tana iza wuta har ruwan ya ƙone. Hayaƙin nan yakan bar wa mutum tari, a gida kowa ya sani. A makaranta ba wadda ta tambaye ni.

Magana ta fara yawo, wai Alago ne suka kawo cutar, wai a kwandon gishiri take shigowa kasuwa. Ƙawata 'yar ƙabilar Eggon, wadda muke raba sabulu da ita, ta janye tabarmarta. Wasu suka koma shan miya lami, ba gishiri, suna hararata. Abin da ya fi ci mini rai, wata 'yar garinmu ce: na gaishe ta da yarenmu, ta amsa mini da Turanci.

Har ni kaina na fara shakka. Sai in ɓuya bayan ɗaki ina taɓa goshina. 

Matar da ke kula da ɗakin kwananmu, wadda muke ce wa Mama, ta kira ni. Ta ce hankalin yara ya tashi, in haɗa kayana, gobe akwai mota zuwa Keana. Jarrabawa ta kusa. Na san babana, da ƙyar ya yarda na zo. In na koma gida, na koma ke nan.

Na ce, “Mama, in cutar ce, da ƙafata zan tafi. Amma a fara gwada ni. Ba zan tafi don an tsani yarena ba.”

Sai ta ɗauki gyalenta.

Muka taka zuwa asibiti, tana gaba ina baya, da rata tsakaninmu. Layi har waje, tsofaffi kwance a ƙasa suna nishi. Na kusa juyawa. Na dai tsaya.

Malamin asibiti ya sa mini ma'aunin zafi a baki, ya saurari ƙirjina, ya tambayi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, na ce babu. Ya tambayi abin da na yi a hutu, na faɗa masa.

“'Yata, lafiyarki ƙalau,” in ji shi. “Hayaƙi ne.”

Na ce don Allah ya maimaita da ƙarfi, Mama na waje. Ya yi dariya, ya leƙa ta taga ya faɗa, duk layi suka ji.

Ana kiran azahar lokacin. Na zauna a benci. Mama ta leƙo ta ce in tashi, za a fara darasin lissafi ba ni.