Mai Gadin da Yaya Sabi'u Ya Bari a Kwamfuta

Da ƙarfe goma na safe abin ya fara, washegarin sadakar bakwai. Yau shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da Yaya Sabi'u yake ciki a hanyar Kaduna suka kashe shi, amma har yanzu ina ganin Innarmu zaune a kujerar shagonsa, ta gyara mayafi, tana jira in kunna mata muryarsa. Na danna, manhajar sauraro ta buɗe ta rufe. Na sake dannawa, haka.

Yayana yana da shagon kwamfuta a bayan kasuwar Birnin Gwari. Ban da buga takardu, ya ɗora wa kansa wani aiki: duk tsohon da ya gudo daga Gwaska ko ƙauyukan bakin dajin Kamuku, sai ya zaunar da shi ya naɗi muryarsa, tsohon ya faɗi inda gonarsa ta fara da inda ta ƙare, da wanda yake maƙwabtaka da shi. Yakan ce ranar komawa za a buƙaci shaida. A cikin naɗin nan ake jin muryarsa yana tambaya yana dariya.

Saboda mutane na kawo memori, ɗan abin ajiyar bayanai, cike da cutar kwamfuta, ya sa wa na'urar tsarin tsaro mai tsauri, wanda yake kira mai gadi. Kowace manhaja an rubuta mata wuraren da za ta taɓa. In ta miƙa hannu wani wuri, sai a hana ta, ko da mai kwamfutar ne ya aike ta. Ni kuwa, don tsoron kada a ƙone shagon, na kwashe naɗin duka na mayar kan wani faifai da zan iya ɗauka a jaka. Ban san manhajar ba ta da izinin leƙa can ba.

Masu gyaran garin duk bakinsu ɗaya. "Ke Hadiza, kashe tsaron nan mana, minti ɗaya ne," in ji maƙwabcin shagon. Wani ya ce in kawo faifan ya jona a tasa na'urar, wadda kowa ke cusa wa memori. Ni mai kunya ce, ko a aji ba na ɗaga hannu, amma na ce a'a. Muryoyin mutanen da wasunsu suka riga mu gidan gaskiya ne a ciki, kuma ba su da kwafi ko'ina. Aka ce taurin kai ne. Inna kuwa kullum takan tambaye ni, "Ya yi magana?"

Lokacin an yanke layin waya a yankinmu, ba inda zan bincika. Na zauna da rahoton da na'urar ke ajiyewa, ina karantawa layi-layi, har na ga duk sanda na danna, mai gadin yakan rubuta cewa ya hana, ya kuma ambaci sunan faifaina. Ashe ba abin da ya lalace.

Yau ana cewa hanya ta yi sauƙi, a manta, a saki jiki. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai yi murna da buɗewar kasuwa, amma ba zai yarda a ce sai an cire kowane shinge za a zauna lafiya ba. Ni ma ban yarda ba. Har gobe mai gadinsa na aiki a shagon, kuma magada na zuwa sauraron iyakar gonakinsu daga bakin iyayensu.

Wanda ya warware mini matsalar a wancan lokacin shi ne Ɗanjuma, abokin karatun Yaya a Zariya, da ya samu hanya ya zo ta'aziyya bayan wata biyu. Na nuna masa rahoton, na ce in shi ma kashewa zai ce, gara ya sha ruwa ya tafi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya share ido.

"Ba abin da za ki kashe, ƙanwata," ya ce. "Layi ɗaya za ki ƙara a dokar mai gadin: sunan faifan nan, karantawa kawai. Je ki kira Inna."