Makaniken da Ya Koyi Iyo Saboda Shifa

"...sai na ce musu, ku da ba ku taɓa shiga teku ba, ku ne za ku gaya mini halin teku?" Yaya Imurana ya ɗaga sifana sama yana dariya. "Abokina Basit ya ajiye kofin shayinsa ya ce, 'Cale, mutumina, kai ma ai ba ka taɓa ba.' Wallahi Jamal, nan ya kama ni. Gaskiya ya faɗa."

Muna zaune ne a rumfarsa ta gyaran inji a bakin tekun Chorkor da ke Accra, ranar wata Talata. Masuntan ƙabilar Ga ba sa fita kamun kifi ranar Talata, don haka kwalekwale duk suna kan yashi, maza na ɗinkin koma a inuwa. Imurana maƙwabcina ne a unguwar Maamobi, kuma tun da maganar koyon iyonsa ta tashi nake son jin ta daga bakinsa.

A Maamobi aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga Bawku yana gadi, mahaifiyarsa tana sayar da koko da ƙosai. Bai yi nisa a boko ba aka kai shi koyon gyaran babur a Kawukudi. Wata rana wani masunci ya kawo injin kwalekwale a bayan tasi, maigidansa ya ce shi bai san kan wannan ba. Imurana ya kwance shi, ya wanke, ya mayar, inji ya tashi. Daga nan masunta suka riƙa kiransa, har ya kafa rumfa a cikinsu. Ya ji yaren Ga, ya saba da ƙarnin kifi, ya san muryar kowane inji a wannan gaɓa. Amma duk shekarun nan a cikin durom yake gwada inji: ya cika shi da ruwa, ya rataya injin a baki, ya ja igiya. Ruwan teku bai taɓa wuce masa gwiwa ba.

"To, yaya aka yi maganar Shifa ta shigo?" na tambaye shi.

"Ataa Lamptey ne ya jawo."

Ataa Lamptey dattijo ne, mai babban kwalekwale. Ya sayi sabon inji, Imurana ya ɗaura masa, kuma in lokacin kifi ya zo za su bi gaɓa har Ada su yi kamu a can, tafiyar kusan wuni. Ya ce wa Imurana ya biyo su ya saurari injin a kan hanya. Shifa, 'yar Imurana mai shekara shida, tana wurin tana wasa da bawon kawa. Kakarta ta wajen uwa a Ada take zaune. Tana jin sunan garin ta miƙe ta ce ita ma a kwalekwale za ta je wa kakarta. Tsohon ya yi dariya ya ce a taho da ita mana, nasu 'ya'yan ai a ciki suke girma.

"Jamal, daɗi ya kama ni! Na ce 'yata ce za ta zama yarinyar farko a layinmu da ta ga Accra daga cikin ruwa. Na ɗauke ta a wuya har bakin titi."

Abin da bai lura da shi ba shi ne, a makon nan duk unguwa maganar teku ake. An yaɗa wani bidiyo a waya na wasu Turawa, miji da mata, da suka ɗauki jaririnsu a ƙaramin jirgin ruwa za su ƙetare teku. A shirin Hausa na rediyo mutane sai bugo waya suke. Wannan ya ce a ƙwace yaron, wancan ya ce ɗansu ne, ina ruwan wani. Wata mata ta ce ku bar Turawa, namu nawa suka goya yara suka hau jirgin roba daga Libiya? Cikin wannan zafi ne Shifa ta shiga makarantar allo ta sanar da kowa cewa babanta zai kai ta Ada ta teku.

Kafin la'asar labari ya kai majalisar shayi inda Imurana ke zama da abokansa. Basit, abokinsa tun na yarinta, direban tirotiro, wato motar haya, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Masu tafiya Libiya wahala ta kore su. Kai me ya kore ka? Mota ta ƙare a tashar Tudu ne?"

"Kai da kake cusa yara a motarka mai birkin addu'a?" in ji Imurana. "Titi ya fi teku cin mutane!"

"Motata in ta lalace sauka ake a tura. Kwalekwale in ya kife, wa zai sauka?"

Majalisa ta rabu biyu, har shayi ya ƙone a kan gawayi ba wanda ya kula.

A gida kuwa Samiratu, matarsa, ba ta yi hayaniya ba. Tana ninke kaya ta ce, "Baban Shifa, tambaya ɗaya ce. In ta faɗa ruwa, wa zai ɗauko ta?"

"Akwai rigar ruwa. Akwai su Ataa, kifaye ne su."

"Ban haifa wa Ataa ba. Ranar da na ga ka fito daga bayan igiyar ruwa da hannunka da ƙafarka, ka tafi da ita. Kafin nan ko a bahon wanki ban yarda ba."

"Ita a zatonta ta kashe maganar," in ji shi, idonsa na ƙyalli. "Ba ta san ta kunna ni ba ne."

Washegari ya shiga ruwa. Da yake mata masu sayen kifi sun cika gaɓa, kunya ta hana shi tuɓewa, sai ya shiga da doguwar riga da dogon wando. Igiya ta farko ta cika rigar ta naɗe masa ƙafafu, ta biyu ta kwantar da shi. Da ƙyar aka jawo shi ta wuyan riga, yana aman ruwan gishiri, matan, da yake Fita suke ce wa makanike, suna tafa hannu suna kiran "Malam Fita, sannu da wanka!" Ataa Lamptey ya ce masa teku ba masallaci ba ce, ya nemo gajeren wando. Suka daidaita a kan wanda ya rufe gwiwa. Aka ɗaura masa jarka biyu marasa komai a ƙirji, kullum bayan ya rufe rumfa sai ya faɗa ruwa. Aka cire jarka ɗaya, daga baya aka cire ta biyun. Ya rame, ya yi baƙi, amma kullum ya dawo Maamobi sai ya tsaya a majalisa ya nuna musu da hannu yadda ake nutsewa ƙarƙashin igiya.

Ranar gwaji rabin layinmu ya sauka Chorkor. Basit da kansa ya kwaso mutane a motarsa, wai ya zo ɗaukar gawa. Ni ma ina cikinsu. Samiratu ta tsaya can gefe riƙe da hannun Shifa. Aka tura kwalekwale da waƙa, Imurana a ciki, ya hau igiya ya sauka, ya yi nisa har mutanen ciki suka koma ƙanana.

Masunta suna da yadda suke gwada sabon shiga, kuma ba wanda ya gaya wa Imurana. Ba a cewa ka shirya. Yana tsaye yana ɗaga mana hannu, sai Ataa ya sa kafaɗa ya ture shi.

Gaɓa ta ɗauki ihu. Muka ga kai ya ɓullo, ya ɓace, ya sake ɓullowa. Basit da ya zo tsokana shi ne ya shiga ruwa har cinya da takalminsa yana ihu, "Taho, ɗan Maamobi! Buga, buga!" Shifa tana tsalle tana kiran Baba. Kwalekwalen yana biye da shi a hankali, amma ba wanda ya miƙa masa hannu. Igiya ta ƙarshe ta ɗauko shi ta watsar a kan yashi kamar buhu. Aka yi kansa, ana kabbara, matan kifi suna guɗa irin tasu.

Samiratu ta ƙaraso, idonta jawur. Ta ce, "Na gani. Alkawari alkawari ne, ku tafi."

Imurana yana kwance yana haki. Ya ɗago ya dubi 'yarsa, ya girgiza kai.

"Ba za ta je ba."



"Me ka gani a ciki, Yaya?" na tambaye shi yanzu, a rumfar.

Ya ajiye sifanar. "Jamal, ni kaɗai, ba kaya, ba komai, da rana tsaka, ruwa kwance, amma da guntun numfashi na iso. A tsakiya na gwada a raina, na ce to ga Shifa a bayana ta riƙe mini wuya. Wallahi ba mu iso ba. Iyona na mutum ɗaya ne. Sai in ita ma ta iya nata."

Shifa ta yi kuka har ta ƙi cin abinci, ta kwana biyu ba ta gaishe shi ba. Ya tafi Ada ba ita, ya yi amai tun daga Tema, ya dawo yana ba da labarin kifayen da suka riƙa tsalle a gefen kwalekwale. A majalisa har yau ba a daidaita ba. Wasu sun ce ya ji tsoro, wasu sun ce tun farko bai kamata ya fara ba. Basit ya ce shi dai a biya shi takalminsa.

Yanzu kowace Talata 'yar Ataa Lamptey, wata mai ƙyafe kifi da ta iya ruwa tun tana ƙarama, tana koya wa Shifa a inda ba zurfi, Samiratu na zaune a kan yashi tana kallo.

"Ta riga ta fi ni iya kwanciya rigingine a kan ruwa," ya ce, yana murna kamar shi aka yaba. "In ta fito daga bayan igiya da kanta, ko shekara nawa ne, ni da ita da Ada."

Wani masunci ya ƙwala masa kira daga can ƙarshen gaɓa, yana nuna injin da ke jingine a jikin kwalekwale. Imurana ya zuba sifana da filaya a aljihu, ya ce in gaida mutanen gida in na riga shi isa, ya bi ta tsakanin komar da aka shanya yana amsa kiran da yaren Ga.