Lokacin da Baba Ya Kira Cokali Makulli

Baba ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana aikin kafinta a wani shago a unguwar Khumra, nan Jidda, kafin ciwon ya same shi. Da hantsi abokan aikinsa suka kira ni, suka ce ya zame a gefen tebur, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya taƙaita. Cikin mako uku ya fara taka ƙafa, hannun dama ma ya soma motsi, muka dawo da shi gidanmu na unguwar Waziriyya muna ta hamdala.

Sai da muka dawo gida abin ya fito fili. Wata safiya na kai masa shayi, ya dubi farantin ya ce, "Ba ni makulli." Na ɗauko makullin ƙofa na miƙa masa. Ya ture hannuna. Na kawo na kabad, ya sake turewa, idonsa ya kaɗa. Umma ce ta gane cokali yake so ya juya sukari.

Haka aka ci gaba. Takalmi ya koma "hula", buta ta koma "wancan". Wani lokacin ya buɗe baki ya daɗe yana nema, sai ya haƙura ya juya fuska ga bango. Maƙwabta masu zuwa dubiya suna fita suna cewa, "Ai ya koma yaro, sai haƙuri." Umma ta daina cin abincin kirki. Ni kuwa tsorona ɗaya ne, wanda ban faɗa wa kowa ba: in har ya manta mene ne cokali, me zai hana gobe ya manta ko ni wace ce?

Kafilinsa, wato uban gidan da yake zaune a ƙasar da izininsa, shi ne ya nema mana ganin wata likita mai koyar da magana ga masu irin wannan ciwo. Muka tarar Bahaushiya ce, daga Najeriya ta zo aiki. Ta gaida Baba da ladabi, sannan ta jera abubuwa a gabansa: cokali, makulli, almakashi, sabulu. Ta ɗaga cokalin ta ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ƙura wa cokalin ido, sunan ya ƙi zuwa. Ni na sunkuyar da kai.

Ta mayar da shi cikin sauran, ta ce, "To, Baba, ba ni abin da ake shan kunu da shi."

Bai ko yi jinkiri ba, ya ɗauki cokalin. Ta ce abin da ake buɗe ƙofa, ya ɗauki makullin har yana murɗa shi a iska. Da ta miƙa masa sabulun ta ce ya ɗan gutsura, sai ya harare ta, harara irin wadda yake yi mana muna yara. Dariya ta kufce mini, hawaye na biye da ita.

Likitar ta juyo gare ni. "'Yar'uwa, Baba ya san komai. Suna ne kawai yake ɓace masa." Ta ce ƙwaƙwalwa ba ta ajiye ma'anar abu a wuri guda kamar kaya a akwati. Tun mutum yana ƙarami yake tara ta kaɗan-kaɗan: ido ya riƙe siffar abin, hannu ya riƙe nauyinsa da yadda ake sarrafa shi, hanci da kunne su riƙe nasu. Duk waɗannan suna ɗaure da juna, sunan kuma a jikinsu yake rataye. Ciwon Baba hanyar zuwa sunan ya taɓa, sauran suna nan lafiya.

Na ce, "Likita, zai dawo?"

Ta ce ba za ta yi mini alkawarin duka ba. Amma mu daina tsare shi da "mene ne wannan". Mu sa masa abin a hannu, mu yi hirar amfaninsa, da inda ake ajiye shi, da abin da ya yi kama da shi. Kuma mu fara da abin da ya fi sani.

Ranar Asabar na kai shi Khumra. Tun daga ƙofar shagon, da ƙamshin katako ya buge shi, na ga kafaɗunsa sun miƙe. Abokan aikinsa suka taso, wani ɗan Yaman a cikinsu yana ta haɗawa da Larabci, "Yalla, ya mu'allim," wato maza, oga, "dawo aiki." Baba ya zaga teburinsa yana shafa kayan. Ya ɗauki wani, ya gwada haƙoransa da babban yatsa, ya ɗora a kan guntun katako ya ja sau biyu. Ba wanda ya tambaye shi komai. Shi da kansa ya ce, "Zarto." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Bai da kaifi. Wa ya yi aiki da shi?"

Shagon ya kaure da dariya, kowa na nuna ɗan'uwansa. Ni na fita waje na kira Umma. Ta sa na maimaita mata maganar har sau uku, sannan ta ce, "Halas, shi ke nan, ku biyo mini da kifi, yau zan yi girki."

Daga nan sunayen suka riƙa dawowa, ba bisa wani tsari ba. Sunayen kayan aikin da ya koya a Katsina, da Hausa suka dawo. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, wadda a Jidda ya fara saninta, har yau "mukayyif" yake ce mata. Wasu ba su dawo ba sam, sai ya ce "abin nan da ake yanka farce", mu kuma mu miƙa masa.

Yanzu yana zuwa shagon sau uku a mako, daga safe zuwa azahar. Ba ya ɗaga abu mai nauyi. Awo yake yi musu, yana kuma yi musu faɗa in sun ɓata katako.