Jirgin Uwar Popo a Gaɓar Guangzhou

A unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin na tashi, a wani ɗan gida da ke hawa na huɗu. Baba Bakano ne, yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida. Mama kuwa 'yar Guangzhou ce. Da yake su biyun ba sa baro shago sai bayan magariba, kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Popo, ita ke zama da ni da ƙanwata Zainab. Sai ta ɗora butar shayi a wuta, mu matso kusa da murhu, ta ce da yarenta, "Ku shigo jirgi, ruwa ya kwanta." Mu ce, "Mun shigo." Daga nan sai ta fara ba mu labari.

A cikin jirgin ruwa aka haifi Popo. Mutanenta a kan Kogin Zhujiang suke kwana suke tashi, mutanen tudu kuma sun raina su, ba sa bari su gina ko ɗaki a gaɓa. Labarin da muka fi roƙonta shi ne na mahaifiyarta, mai fito.

Ta ce a wancan zamani bakin kogin duk rumbunan kaya ne da gadojin katako inda ake sauke buhuna. Wata rana gobara ta tashi a wani rumbu, iska ta kwashe ta zuwa na kusa. 'Yan dako da masu talla suka gudo kan wata gada, wuta a baya, ruwa a gaba, yawancinsu ba su iya iyo ba. Mahaifin Popo ya kwance igiya ya ce su yi nisa, domin jirgin nan shi ne gidansu, ba su da wani. Matarsa ta miƙa masa Popo, ta ce ya tsallaka jirgin ƙanensa da yarinyar, ta ja filafili ta nufi wutar.

"Sawu nawa ta yi?" in ji Zainab.

"Wa ya tsaya ƙirge?" in ji Popo. "Ta yi ta yi har rumfar jirgi ta kama, ta yaye ta ta jefa ruwa. Shimfiɗarmu da tufafinmu duk suka tafi."

Washegari wasu daga cikin waɗanda ta kwaso suka wuce ta ko sannu babu. Wata mai sayar da kunun shinkafa ce kaɗai ta ba su kwana a shagonta har aka gyara jirgin.

Abin ya ba ni haushi. Na ce, "Popo, da ni ce ba zan ƙara ɗaukar kowa ba."

Ta yi dariya. "Ai ba don godiya ta yi ba. Gaɓarta ce ke ci da wuta. Su yarda tata ce, su ƙi yarda, duk ɗaya ne a wurinta."

Daga baya hukuma ta ba mutanen jirage gidaje a tudu, manyan jiragen kaya suka koma tashar Huangpu. Rumbunan da suka rage an gyara su sun zama gidajen abinci da wuraren baje zane. An shimfiɗa hanyar yawo a bakin ruwa, dogayen gine-gine sun kewaye kogin. Popo ta ga farkon aikin kafin ta rasu, kuma ba ta yi kukan abin da aka rushe ba. Ta ce a da wari wurin yake yi.

Yanzu ni ke riƙe da shagon Baba. Nakan kai baƙinmu na Kano da Maraɗi su ga kogin, kuma ba a rasa mai kallon fatata ya tambaye ni yaushe zan koma ƙasarmu. Ina budurwa wannan tambayar kan hana ni sukuni. Sai da na girma na gane abin da Popo take nufi: mahaifiyarta ba ta jira an ce mata 'yar gari ce ba kafin ta yi wa garin aiki. Shi ya sa yanzu nakan amsa wa mai tambaya da yaren garin, cikin fara'a, in nuna masa tsakiyar ruwa in ce a can aka haifi kakata. In kuma baƙo ne a Guangzhou, sai in kwatanta masa hanya.