Tsumma a Wuyan Dawa

Injin sussuka na kan hanya, Tsoho kuwa ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya kutsa cikin tarin dawar da 'yan ƙwadago suka yanke, yana watsi da zangarniya hagu da dama kamar kaza a juji.

"Baba, me ya ɓace?" in ji babban ɗansa.

"Irin uwarka mana! Ban ce kada a yanka sai na zo ba?"

Matarsa ta rasu saura ƙiris dawa ta nuna. Ba-Zama jikoki ke ce mata, don ko abinci a tsaye take ci, da goyon jika a baya, ido na kan awaki. Kujerar da 'yarta ta sayo mata, kaza ce ta more ta. Tun tana amarya, da dawa ta fara ido sai ta bi gona kunya bayan kunya, duk zangarniyar da ta yi mata ta ɗaura mata tsumma a wuya. Su ake ware wa iri, shi ya sa gidan bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Shi kuwa aikinsa tsiya: "Kin ƙarar da zannuwanki wajen yi wa kara ado." Bai taɓa tambayarta abin da take dubawa ba. Yanzu in injin ya haɗiye ɗaurinta na ƙarshe, zaɓin shekara da shekaru ya bi buhu ke nan.

Ya ciro ɗaya, da shuɗin zanen da ta goyi auta da shi. Ya ciro wata, da gefen ɗankwalin da take zuwa asibiti da shi. Jikoki suka faɗa tarin suna ihu, "Kaka, ga wata!"

Mai injin ya iso, ya leƙo ta tagar mota. "Baba, akwai masu jirana fa."

"Su yi ta jira!"

Sai babbar jikarsa ta miƙo masa wata zangarniya mai nauyi, ɗaure da farin ƙyalle mai ratsin baƙi. Ya gane shi nan take. Rigarsa ce, wadda ya birkice ɗaki yana nema da damina, har ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Ita kuwa ta ce, "Ka tambayi ɓera," ta fice da kwandonta.

"Ɓarauniya," in ji shi. Kewarta ta taso masa, ya zauna daɓas a kan kara. Ya juya zangarniyar, ya sake juyawa. Dawa ce dai kamar kowace dawa.

Ya jawo hannun yarinyar. "Ke da kike bin ta gona, zo ki duba min. Me ta gani a jikin wannan?"