Inna Saude, Mai Abincin Tara

Ana sallame sallar asuba, Inna Saude ta riga ta hura wuta. Ƙullun dawa ya kwana ya tashi, zogale na tafasa a gefe, tana gasa hoce ɗaya bayan ɗaya. Kafin a buga ƙararrawar shiga aji ta iso gindin bishiyar da ke ƙofar firamaren unguwarsu a Ƙaura Namoda, tire a ka, bokitin kunu a hannu. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan sintiri. Ta fara tun muna ƙarƙashin Sakkwato, aka yanke mana Zamfara tana nan, aka canza hedimasta biyar ba ta gusa ba.

Abincin nata ba wani abin a zo a gani ba ne. Takan tsaga hoce biyu da wuƙa, ta cusa kwaɗon zogale da garin ƙuli-ƙuli, ta yanka tumatir da albasar Shinkafi, ta rufe, ta miƙa wa yaro. Wanda ba ya son hoce ta tsaga masa burodi ta danna ƙosai biyu a ciki. Ranar da kaji suka yi kirki akwai dafaffen ƙwai. Idan dankali ya shigo, dankali. Idan mangwaro ya faɗi, ta wanke ta yanka. Alawa da cingam kuwa ba su taɓa hawa tirenta ba. "Zaƙi ba ya riƙe ciki," abin da take cewa ke nan, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Malaman makarantar suna da labaranta da yawa, amma wanda ba sa gajiya da bayarwa shi ne na Nusaiba, 'yar Alhaji Maitama dillalin hatsi.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Nusaiba tana aji biyar, ita ke zuwa ta ɗaya. Sai ta fara faɗuwa. Ana tsaye a filin taron safe, sai kawai a ji rim, yarinya a ƙasa, idanu sun juye. Sau ɗaya, sau biyu, sau shida cikin wata guda. Nan take gari ya yanke hukunci: iska ne. Wasu suka ce a tsohuwar rijiyar bayan aji yake zaune. Aka yi ruƙiyya, aka yi turare, aka kai ta wurin wani malami a Zurmi. Ranar Litinin ta dawo, ta sake faɗuwa.

Ran nan Alhaji Maitama ya zo da kansa a kan babur, ya shiga ofis ya shaida wa hedimasta Malam Hamisu cewa karatun bokon Nusaiba ya ƙare daga yau. Yana fitowa riƙe da hannunta, Inna Saude ta bar tirenta ta tare ƙofa. Ta daɗe tana lura da yarinyar. Ba ta taɓa ganin ta a layin hoce ba. Kullum da an tashi tara, teburin mai alawa da lemon ƙanƙara take nufa.

"Alhaji, in tambaye ka mana. Aljanin nan yana zuwa ran Assabar?"

"Ban gane ba, Inna."

"A gida nike nufi. Ta taɓa faɗuwa ran da babu makaranta? Ko da marece a Islamiyya?"

Ya ce a'a.

"To, wanga aljani ɗan boko ne, har da hutun ƙarshen mako gare shi." Ta duƙa ta dubi yarinyar. "Ke, mi kinka ci da safe?"

Nusaiba ta sunkuyar da kai. Babu. A gidansu sai hantsi ake sauke abin karyawa, lokacin ita ta daɗe da fita. Kuɗin tara ake danƙa mata, su kuma mun ji inda suke tafiya.

Ran Alhaji ya ɓaci. "Yunwa? Ɗiyata? Inna, kin san buhun gero nawa ni ka loda wa mota duk mako?"

"Na sani, Alhaji. Amma na cikin buhu ba ya tsai da yaro a rana, sai na cikin ciki. Addu'a kada a fasa, ni ma ina yi mata. Ka ba ni ita sati biyu kawai. In ta sake faɗuwa, ka tafi da abarka, ba ni ƙara cewa uffan."

Ya dube ta, ya dubi Malam Hamisu da ya fito yana saurare, ya ce, "Sati biyu. Ko kwana ɗaya ba ni ƙarawa."

Aka shiga lissafin kwanaki. Kowace safiya Nusaiba ta tsaya a gindin bishiya ta ci rabin hoce da kofin kunun gyaɗa kafin ta shiga, ragowar rabin kuma sai an tashi tara. Kwana ɗaya, uku, biyar, shiru. 'Yan ajinsu har sun daina matsawa nesa da ita.

Rana ta takwas ta makara. Tsoron bulala ya sa ta wuce bishiyar a guje, ba ta ko waiwaya ba. Inna Saude ta hango ta cikin layin waɗanda suka makara, a tsaye cikin rana, ta fara lumshe ido. Matar da ta shekara ashirin ba ta taɓa taka filin makarantar ba, ran nan ta ɗauki hoce da kofi ta ratsa tsakiyar ɗalibai ɗari huɗu, zane a ɗaure, har gaban hedimasta.

"Malam, bulalarka tana iya jira. Wannan cikin ba ya jira."

Malam Hamisu ya ce shi dai bai san lokacin da ya sauke hannu ba. Nusaiba ta zauna a ƙasa ta cinye tas, sannan ta miƙe ta karɓi bulalarta biyu kamar kowa. Ba ta faɗi ba. Sati biyun suka cika, zangon karatu ya ƙare, ba ta sake faɗuwa ba.

Alhaji Maitama ya dawo, wannan karon a ƙafa. Ya tsaya a gindin bishiya ya ce, "Inna, ni da ka ciyar da garuruwa, ban san yunwar cikin ɗiyata ba." Daga ranar ya sa aka riƙa ɗora tukunya da wuri a gidansa. Yau Nusaiba tana aji biyu na sakandare a Gusau.

Ke ce, Inna Saude, kika dubi abin da gari duka ya kalla bai gani ba. Ba ki riƙe alli ba, amma akwai masu takardar shaida a Ƙaura, har da masu koyarwa a makarantar nan yanzu, da ba su iya sauraron malami ba sai da suka bi ta gindin bishiyarki. Uwar 'yan tara, mai tsaga hoce ta tsaga da hankali.

Ƙarshen zangon nan za ta ajiye tire. Gwiwoyi sun ce sun gaji, kuma ta yarda da su. Mun gode, Inna. Allah Ya huta gajiya, Ya ciyar da ke daga inda ba ki zata ba, kamar yadda kika ciyar da 'ya'yan mutane.

Mu kuma iyaye, aikin ya dawo hannunmu, kuma ba shi da wuya: hoce ko burodi, a tsaga, a sa ganye da ƙuli ko ƙwai, a ƙulle wa yaro. Gobe da safe, kafin ka zura hannu a aljihu ka sallami ɗanka a ƙofar gida, tsaya ka tambaye shi: me ka ci?